ABUJA TAMU CE: RANAKU DA WURAREN DA YA KAMATA BAƘO YA SANI

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya a Abuja, ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai.)



GABATARWA

Lokacin da Sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce kwamiti ya ɗora mini yin jawabi a wannan taro, sai da na tambaye shi ko ya yi ɓatan lamba ne. Duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san ban taɓa hawa dandamalin nan ba sai ranar da aka kama mu mun tsallake katanga mun tafi cin waina a gari, don gudun gabza. Sakatare ya ce kwamiti ya duba ya ga na shekara tara ina aiki a Abuja, saboda haka ni ɗan gari ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Na karɓa, amma akwai abin da ya wajaba in fara faɗa muku, ko da yake abin kunya ne a gare ni.

Cikin watan Janairu, shekara uku da suka wuce, Malaminmu na Tarihi, wanda ba sai na faɗi sunansa ba domin kowa a nan ya san yadda yake zana taswirar Nijeriya a allo ba tare da ya ɗaga alli ba, ya zo Abuja ganin likitan ido, ya sauka a gidana. Da muka je asibiti aka ce likita ya yi tafiya, sai bayan kwana uku. Na shiga ba Malam haƙuri, a raina kuwa ina lissafin yadda zan bar shi a falo da rediyo in tafi ofis. Sai ya ce, "Haba ɗana, ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Shekara talatin ina koya wa yara labarin garin nan, ban taɓa zaga shi ba. Gobe ka fara kai ni inda aka yi ginin tunawa da sojan nan da ba a san sunansa ba."

Jama'a, na yi shiru, domin ban san inda wurin yake ba. Washegari na shiga ofis na tambayi masinjanmu, wani dattijo. Bai ce mini komai ba, ya kama hannuna ya kai ni bakin taga, ya nuna mini da yatsa. Ashe shekara shida ina wuce wurin safe da yamma. Na san hanyar ofis, na san hanyar banki da ta kasuwar Wuse, na san tashar da ake shiga motar gida. Iyakar sanina da Abuja ke nan. Abin da zan faɗa muku yau, mafi yawansa a cikin waɗannan kwana uku na fara koyonsa, kuma Malam ne ya sake zama malamina.

YADDA AKA YI ABUJA

Kafin baƙo ya fara yawo, yana da kyau ya san dalilin da ya sa aka yi garin. A watan Agusta na 1975 gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Kwamitin ya ga Legas ta cika ta batse, ruwa ya tsare ta ba ta da wurin faɗaɗa, tana bakin teku a kusurwa ɗaya ta ƙasa, sa'an nan ga ta hedkwatar jiha ga ta hedkwatar tarayya. Sai ya ba da shawarar a nemi fili a tsakiyar ƙasa, inda babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku da za ta ce nata ne. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da jama'ar ƙasa cewa gwamnati ta amince. Bayan kwana goma, ranar 13 ga wata, aka kashe shi a Legas. Bai ga ko tubali ɗaya na garin da ya sa hannu a gina ba.

An yanko filin ne daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Wani gungun kamfanonin Amurka ya zana babban tsarin birnin, ya miƙa a 1979, wani mashahurin mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Jafan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyar gari. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta matsa wa aikin lamba, har ta yi bikin 'yancin kai na 1982 a can, ana tsakiyar gini. Amma tashin gwamnati daga Legas bai tabbata ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Sunan garin kuwa namu ne, kuma nan ne Malam ya fi jin daɗin bayani. Bayan jihadi ya ci Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya zauna a Zuba. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, aka sa wa garin sunansa. Da aka zo yin sabon birni sai aka karɓi sunan, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Shi ya sa har gobe sarautar garin ita ce Sarkin Zazzau Suleja.

MASU GARI

Akwai kuskuren da mu ma'aikata muke yawan yi, muna maganar Abuja kamar dajin Allah aka tarar babu kowa. Haƙiƙa akwai mutane a wurin tun kaka da kakanni. Akwai Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, akwai Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, waɗanda yau ake jin sunansu a matsayin unguwannin manya, sunayen ƙauyukansu ne. An tashi wasu aka kai su wurare irin su Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu kuma birni ya zo ya kewaye su, kamar tsohon ƙauyen Garki, kuma har yanzu maganar diyya da matsuguni ba ta mutu ba. Birnin ba shi da gwamna, minista ne ke riƙe da shi, yana da sanata ɗaya da 'yan Majalisar Wakilai biyu, da ƙananan hukumomi shida: ta cikin birni, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji.

A nan ne Malam ya ce in ba shi takardar naira ashirin. Da ƙyar muka samo ta wajen wani mai shayi, don yanzu ko alewa ba ta saye. Ya nuna mini gabanta, ga Murtala. Ya juya bayanta, ga wata mata tana ginin tukunya. Ya ce, "Wannan ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga Kwali. Ta koyi ginin tukwane a gida, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, aikinta ya kai ta har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Ga wanda ya ce a yi gari, ga kuma 'yar masu ƙasar da aka yi garin a kanta. In yaro ya fahimci takardar nan gaba da baya, ya fahimci Abuja." Wanda yake son ganin wannan sana'a da idonsa, sai ya nufi Ushafa a ƙaramar hukumar Bwari, inda mata ke ginin tukwane, inda kuma Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a watan Agusta na 2000. Kusa da nan ne madatsar ruwa ta Usuma take, wadda birnin ke sha daga gare ta.

WURAREN DA ZA A GANI

Mu da muke zuwa daga Arewa ta hanyar Kaduna, abin da ke fara tarbarmu shi ne Dutsen Zuma, a kusa da Madalla. Mutane da yawa sun ɗauka a cikin Abuja yake, alhali kuwa a Jihar Neja yake. Dutse ne guda, mulmulalle, ya tashi sama kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi, a jikinsa akwai wani abu mai kama da fuskar mutum. Shi ne a bayan takardar naira ɗari da aka fara fitarwa a 1999.

In an shiga gari, a ƙarshen tsakiyar birni ta gabas akwai Dutsen Aso, kuma a gindinsa ne aka jera gidajen mulki uku: Fadar Shugaban Ƙasa, da Majalisar Dokoki ta Ƙasa mai koren tuluwa, da Kotun Ƙoli. Abin da muka haddace a darasin Gwamnati game da rassan mulki uku, a nan mutum zai gan shi da ido, kowane reshe da gidansa da ƙofarsa. Fada ba a shiga sai da gayyata. Majalisa kuwa, mai sanatoci 109 da wakilai 360, tana da wurin zaman 'yan kallo, kuma makarantu kan rubuta takarda tun da wuri a ba su rana su kawo ɗalibai. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Daga gaban Majalisa sai Dandalin Eagle, wanda aka gina a 1999, inda aka rantsar da Cif Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu na wannan shekara bayan doguwar mulkin soja. Gaba kaɗan ga Masallacin Ƙasa mai tuluwa ruwan zinariya da hasumiya huɗu, wanda aka gina a 1984, ga kuma Babbar Majami'ar Ƙasa da aka kammala a 2005, suna hangen juna. Masu tsara gari ba su yi haka da ka ba. A nan kusa ne kuma hedkwatar Babban Bankin Nijeriya take, wadda hotonta ke bayan takardar naira dubu.

Akwai Babban Zauren Taro na Ƙasa da Ƙasa, wanda aka gina don taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na watan Yuni, 1991. Akwai hedkwatar ECOWAS. Akwai Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa, mai ɗakin karatu da wurin nuna tarihin rayuwarsa. Akwai babban filin wasa mai ɗaukar mutum kimanin 60,000, wanda aka gina don wasannin ƙasashen Afirka na 2003, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Mai iyali da ke neman wurin shan iska sai ya je lambun Millennium a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin taron ƙasashe renon Ingila, ko kuma ya je bakin Tafkin Jabi da la'asar.

Daɗin daɗawa, titunan garin su kansu littafi ne. Manyan hanyoyi suna ɗauke da sunayen Ahmadu Bello da Tafawa Balewa da Nnamdi Azikiwe da Herbert Macaulay da Shehu Shagari, a Wuse ta Biyu kuma ga titin Aminu Kano. A Asokoro za a ga sunayen shugabannin Afirka irin su Kwame Nkrumah da Nelson Mandela, a Maitama sunayen koguna, a Garki sunayen garuruwan Nijeriya. Muna tafe a mota Malam yana karanta alluna da ɗan abin da ya rage masa na gani, yana yi mini tambaya kamar muna aji. Na faɗi fiye da yadda na ci.

RANAKUN SHEKARA

Yanzu bari in bi kalanda daga farkon shekara, domin Abuja tana da ranakun da take sauya kama.

Ta farko ita ce 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A da ana yin ta ne ranar 11 ga Nuwamba tare da sauran ƙasashe renon Ingila, daga baya aka mayar da ita wannan rana domin ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Mu 'yan Arewa kuma mun san a irin wannan rana ce a 1966 aka kashe Sardauna. Ana fara hidimar tun makonni kafin ranar da sayar da 'yar alamar da ake maƙalawa a ƙirji, kuɗin kuwa na taimakon tsofaffin sojoji ne da iyalan waɗanda suka rasu. Ana addu'a ta musamman a Masallacin Ƙasa ranar Juma'a, a Majami'a ranar Lahadi. A ranar kanta Shugaban Ƙasa da shugabannin Majalisa da Alƙalin Alƙalai da hafsoshin soja sukan ajiye furanni a ginin tunawa da ke tsakanin Dandalin Eagle da Majalisa, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru.

Can na kai Malam, bayan bikin da 'yan kwanaki. Sojojin da ke gadi suka ga dattijo ne, suka bar mu muka tsaya daga ɗan nesa. Malam ya daɗe a tsaye bai ce komai ba. Can ya ce mini, "Yayana ya shiga soja a 1968, ina firamare. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta yarda an raba kayansa ba." Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na ce amin. Shekara uku na zauna a ajinsa, ya koya mana yaƙin basasa da ranakunsa da sunayen garuruwansa, bai taɓa faɗa mana wannan ba. Ni kuwa kafin wannan rana, abin da na sani game da 15 ga Janairu shi ne ranar da ake rufe mana hanya. Wanda yake da irin wannan nauyi a zuciya, ya sani kuma akwai Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa a kan hanyar filin jirgin sama, inda aka binne Babban Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021.

Ranar 1 ga Mayu tamu ce, Ranar Ma'aikata. Ƙungiyoyin ƙwadago kan cika Dandalin Eagle, kowace da kalar rigarta da tutarta, a yi maci, shugabannin ƙwadago su karanto koke-koke a gaban wakilan gwamnati. Ranar 27 ga Mayu ta yara ce, 'yan makaranta su ma su yi nasu macin. Ranar 29 ga Mayu kuwa, duk bayan shekara huɗu, ita ce ranar rantsar da Shugaban Ƙasa. A da ita ce Ranar Dimokuraɗiyya, amma a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da bikin 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke, aka fara yin sa haka a 2019.

Sai 1 ga Oktoba, ranar da muka sami 'yancin kai a 1960. Akan yi jawabin Shugaban Ƙasa da sassafe, a yi faretin soja, wani lokaci a Dandalin Eagle, wani lokaci a cikin Fada. Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. A 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara 50, bama-bamai suka tashi a cikin motoci kusa da dandalin, mutane suka mutu, kuma daga nan aka yi shekaru ana taƙaita bikin. Saboda haka wanda zai zo don kallon fareti ya fara sauraron sanarwa kafin ya kamo hanya. A daidai wannan lokaci na shekara kuma akan yi kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa a kan hanyar filin jirgi, wadda 'yan kasuwar cikinmu za su amfana da ita.

Akwai kuma bikin al'adu na Abuja da aka fara a 2005, wanda akan yi wajen watan Nuwamba, jihohi su turo makaɗa da maraya, a yi hawan daba da wasan dodanni da tseren kwalekwale a Tafkin Jabi. Wannan biki ya yi tashe a shekarunsa na farko, daga baya ya riƙa tsallake shekaru, don haka kada kowa ya ɗaura ɗamara dominsa sai ya ji an sa rana.

Game da Salla da Kirsimeti kuwa, gaskiya ita ce Abuja kan zama kufai. Ana sallar Idi a babban fili a kan hanyar filin jirgi, wakilan mazauna birni su kai gaisuwa Fada, amma yawancinmu mun gudu gida tun jajibiri. Mai son hawan Salla ya zauna a Kano ko Katsina ko Zariya. Wannan ma abin dubawa ne: mun mayar da garin wurin neman abinci kawai, kamar ɗan ci-rani.

GARGAƊI GA BAƘO

Matambayi ba ya ɓata. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya ɗauke, zafi bai sauko ba. A ranakun biki ana rufe hanyoyin tsakiyar gari tun dare, don haka a fito da wuri, a kuma shirya tafiyar ƙasa. A riƙe katin shaida a aljihu. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton Fada ko barikin soja ko shingen jami'an tsaro. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, kuma kada a shiga motar da ba a tasha aka same ta ba, musamman da dare, domin akwai ɓarayin da ke shigar masu tasi su yi wa fasinja fashi. Masauki a tsakiyar gari yana da tsada, ya fi sauƙi a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya. Akwai jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu tun 2016, kuma dukkanmu mun tuna harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022, don haka ko ta jirgi ko ta mota, a yi tafiya da rana. Wanda kuma ya dawo gida babu kilishin Area 1 a jakarsa, shi da uwargida.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ranka ya daɗe Shugaba, a nan ne nake son a ba ni aron kunne. Jiya da na iso na zaga azuzuwa, na tambayi 'yan aji shida su nawa suka taɓa zuwa Abuja. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yaran nan za su rubuta jarrabawa a kan Majalisa da Kotun Ƙoli, kuma a ransu wurare ne na wasu mutane daban, 'ya'yan wasu. Yaron da ya ɗauka wuri ba nasa ba ne, ba zai taɓa neman shiga ba. Ni kaina sai da na gama jami'a na fara taka garin, kuma ranar da na je ganawar ɗaukar aiki, tsoron ginin ya fi tsoron tambayoyin kama ni.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta amince, duk shekara mu ɗauki ɗalibai ashirin, maza da mata, da malamai biyu, mu kai su Abuja na kwana uku. A zaɓe su bisa ƙoƙari da ɗa'a, kada a duba ɗan wane. Mu da ke zaune a can mun tattauna, mun ɗauki nauyin masauki da abinci da motar zagayawa, ni kuma na ɗauki rubuta takardun neman izini da bin su ofis-ofis, tun da aikina ke nan. Abin da ya rage shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da yardar Shugaban Makaranta, da yardar iyaye. Na san wasu za su ce rufin ɗakin kimiyya yana yoyo, ga rijiyar burtsatse ta lalace, wane ne ke maganar yawon buɗe ido? Maganarsu gaskiya ce, kuma ban ce a taɓa kuɗin rufi ba. Wasu kuma za su kawo maganar tsaron hanya, wadda ita ce ta fi kowace nauyi, domin 'ya'yan mutane ne amana a hannunmu. Shawarata ita ce a kafa ƙaramin kwamiti da zai haɗa da wakilin iyaye, shi zai duba hali ya sa rana, in hanya ba ta yi kyau ba a ɗaga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kada mu tashi daga taron nan sai an yanke magana, ko a ce e ko a ce a'a.

KAMMALAWA

Bayan kwana uku likita ya dawo, ya duba Malam, ya ce an makara, abin da za a iya yi shi ne a rage wa ciwon gudu. A mota muna komawa gida na rasa abin faɗa. Malam ne ya katse shirun, ya ce, "Ka ga da likitan nan bai yi tafiya ba, da ranar da na zo zan juya, ban ga komai ba. Allah ya san abin da yake yi." Ga shi can zaune a layin gaba, jikansa ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Allah gafarta Malam, in na yi kuskuren shekara ko suna a cikin wannan jawabi, na san ba za ka bari in sauka ba sai ka gyara mini. In kuma ƙungiya ta amince da roƙona, ina neman alfarmar ka yi wa rukunin farko darasi kafin su shiga mota, ka fara da naira ashirin ɗin nan. Na zo da ita.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.